Darasi na Tara: Masaukin Shafin Intanet da Yadda Ake Zaɓar Mai Masauki

Dattawan da suka ji labarin fataucin goro daga bakin iyayensu sun san darajar mai masauki. Falke in ya isa Salaga ko Kumasi bayan watanni a hanya, ba kasuwa yake fara nema ba, gidan da zai sauka yake nema. Mai masauki ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. Wanda ya dace da mutumin kirki ya koma gida da riba. Wanda ya faɗa hannun marar amana kuwa, ko uwar kuɗin da wuya ya tsira da ita.

Shafin intanet ma baƙo ne mai buƙatar masauki. A darussan baya mun koyi yadda ake shiga shafukan wasu. Yau za mu duba abin da mutum zai yi in yana son nasa, ko na shagonsa, ko na makarantarsa, ko na ƙungiyarsu.

Ina shafi yake kwana?

Duk shafin da kuka buɗe a waya, rubutunsa da hotunansa suna ajiye ne a cikin wata kwamfuta da ke wani wuri a duniya. Ana kiran irin wannan kwamfuta saba. Ba ta bambanta da kwamfutar ofis sosai ba, sai dai ba a kashe ta dare da rana, kuma kullum tana haɗe da intanet. Da kun taɓa adireshin shafi, wayarku za ta aika mata saƙo, ita kuma ta turo muku kwafin abin da kuka nema. In ta mutu, shafin ya ɓace daga idon jama'a har sai an tashe ta.

Tun ranar farko haka abin yake. Shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ɗan ƙasar Ingila ya haɗa a cibiyar bincike ta CERN kusa da Jeneba a ƙarshen 1990, yana cikin wata kwamfuta ce ƙirar NeXT a ofishinsa. Sai da aka manna mata takarda da rubutun hannu ana gargaɗin kada kowa ya kashe ta, domin in aka zare mata wuta, shafin ya tafi.

Wani zai ce, to me zai hana in ajiye nawa shafin a kwamfutar gidana? A ilmance babu abin da ya hana. Amma ku tuna sau nawa aka ɗauke wuta a unguwarku a makon nan, ku lissafa kuɗin man janareta na awa 24, ku ƙara da zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu. Wannan ne ya sa aka sami kamfanoni da sana'arsu ke nan. Suna jera dubban sabobi a manyan gine-gine da ake kira cibiyar ajiye bayanai, masu na'urar sanyaya ɗaki, da janareta na ko-ta-kwana, da masu gadi, sannan su ba mutane haya. Wannan haya ita masu harkar ke kira hostin. Mu a wannan littafi za mu ce masauki, kamfanin kuma mai masauki.

Kafin mu ci gaba, ga gaskiya guda: ba kowa ke buƙatar shafi ba. Mai sayar da awara a ƙofar gida WhatsApp ya ishe ta. Amma makaranta, ko asibiti, ko mai aika atamfa da yadi zuwa wasu jihohi, bai kamata su jingina duk harkarsu a kan dandalin wani ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya cik kusan awa shida. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Duk wanda kasuwarsa take can kaɗai, zaman jira ya yi.

Suna daban, ɗaki daban

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka ku natsu. Abu biyu ake biya wa kuɗi, ba ɗaya ba.

Na farko shi ne sunan shafi, wato domen, abin da ake rubutawa a nemo ku, kamar sunanku.com.ng. Na biyu shi ne masaukin da kayan shafin ke zaune. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani, kuma kowace saba tana da lambarta da ake kira adireshin IP. Tsarin da ke haɗa suna da lamba shi ne DNS, wanda aka ƙirƙira a 1983. Aikinsa kamar jerin sunayen da ke wayarku ne: kun taɓa sunan mutum, waya ta kira lambarsa.

Amfanin raba su biyun babba ne. In mai masauki ya gaza, sai ku kwashe kayanku zuwa wani, ku juya sunan ya nuna sabon wuri, masu ziyara ba za su ma san an yi ƙaura ba. Ɗaki ana sauya shi. Suna kuwa, in ya kuɓuce, duk allon shago da katin kasuwanci da tallan rediyon da kuka biya sun tashi a banza.

Kowace ƙasa tana da nata ƙarshen suna: .ng na Najeriya, .ne na Nijar, .gh na Gana, .cm na Kamaru, .td na Cadi, .sd na Sudan. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da .ng, kuma ta hannun dillalan da ta amince da su ake yin rajista. Akwai .com.ng na 'yan kasuwa, .org.ng na ƙungiyoyi, .sch.ng na makarantun firamare da sakandare, .gov.ng na gwamnati kaɗai. Shi ma sunan ba sayensa ake yi har abada ba, shekara-shekara ake sabunta shi. In wa'adin irin su .com ya ƙare ba a biya ba, ana ba da ɗan lokaci, daga nan a shiga kwana 30 na fansa da kuɗi mai yawa, sannan a sake shi ga duk wanda ya riga.

Ire-iren masauki

Mafi araha shi ne masaukin tarayya. Saba ɗaya ce ake raba wa ɗaruruwan shafuka, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa: kowa da ƙofarsa, amma rijiya ɗaya, mita ɗaya. In maƙwabci ya tara baƙi, kowa zai ji a jikinsa, shafinku ya riƙa jan ƙafa. Duk da haka, ga shago ko makaranta ko ƙungiyar da baƙinta ba su wuce 'yan ɗaruruwa a rana ba, wannan ya wadatar. Yawancin ɗaliban wannan aji nan ya kamata su fara, kuma kada wani ya ruɗe ku da manyan kalmomi ya sa ku biya abin da ba ku buƙata.

Sama da shi akwai VPS. Saba ɗaya ce har yanzu, amma an yanka ta kashi-kashi da manhaja, an ware wa kowa rabonsa na ƙarfi, kamar sashe mai mitarsa da banɗakinsa a cikin babban gida. Ya fi sauri, ya fi tsada, kuma sau da yawa gyara da tsaro a wuyanku suke. In ba ku da ƙwararren da zai kula da shi, kun sayo wa kanku aiki. Sai kuma hayar saba sukutum, wadda ta dace da bankuna da manyan jaridu.

Na huɗu shi ake kira girgije. Sunan ne kawai, ba a sama yake ba. Tarin sabobi ne na manyan kamfanoni irin su Amazon, wanda ya fara wannan harka a 2006, da Google da Microsoft. Ana biya ne gwargwadon abin da aka yi amfani da shi, kamar mitar kati. Yana da kyau ga shafin da baƙinsa ke hauhawa farat ɗaya, kamar ranar fitar sakamakon jarabawa, amma wanda bai iya sa ido ba zai iya wayar gari da bashin daloli.

Za ku kuma ga ana tallan masaukin WordPress. WordPress manhaja ce ta kyauta ta haɗa shafi da ta fito a 2003, wadda fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke amfani da ita. Kusan kowane masaukin tarayya yana ɗaukarta, ba sai an biya ƙari ba.

Na gida ko na waje?

A Najeriya akwai masu masauki irin su QServers da Whogohost, wanda yanzu ake kira GO54. A waje akwai Namecheap da Hostinger da GoDaddy da wasu da yawa. An ambace su ne don ku gane sunayen in kun gani, ba don an zaɓa muku ba.

Babban bambancin shi ne kuɗin da ake biya da shi. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, ba a kai tsakiyar 2024 ba sai da dala ta haura 1,500. Ku ɗauka masaukinku dala 60 ne a shekara. Da naira 27,600 ne, ya koma 90,000, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. An kuma sha wahalar kati, domin a 2022 bankuna da yawa sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Kamfanin gida naira yake karɓa, ana iya tura masa ta banki, kuma in an kira waya lokacin aikinsa da naku ɗaya ne. Shi ma fa yana ƙara farashi in dala ta tashi, don kayan aikinsa da lasisin manhajarsa daga waje suke zuwa, sai dai ba da irin wannan gaggawa ba.

Akwai kuma maganar nisa. Intanet ɗinmu ta wayoyin ƙarƙashin teku yake zuwa, kamar MainOne da ta haɗa Fotugal da Legas tun 2010. Ranar 14 ga Maris 2024, huɗu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, har aikin bankuna ya taɓu. Shafin da sabarsa ke Legas ko Abuja, kuma baƙinsa 'yan gida ne, ba sai saƙonsa ya ƙetare teku ya dawo ba. Amma ku yi hattara: kamfani yana iya zama na ɗan Najeriya, ofishinsa a Legas, sabarsa kuwa haya ce a Jamus ko Amurka. Ba laifi ba ne, amma ku tambaya kai tsaye: a wane gari sabar take? In kuma yawancin masu sayen kayanku suna Turai ne, to saba a can ta fi muku.

Wanda zai tara bayanan mutane, kamar sunayen ɗalibai ko na marasa lafiya, ya sani cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora masa alhakin tsare su, kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje.

Farashin talla da farashin gaskiya

Lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a fuskar talla, yawanci ta zangon farko ce. Misali, a ce dala 3 a wata. In kun zo biya sai ku tarar sai an biya na shekara uku a dunƙule, dala 108, bayan haka kuma wata ya koma dala 10. Ba a ɓoye ba, yana nan da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Saboda haka tambayar farko ita ce nawa ne kuɗin sabuntawa. Da shi za ku gwada kamfani da kamfani. Haka nan in an ce an ba ku suna kyauta, na shekarar farko ake nufi.

Kalmar “ba iyaka” ma ku karanta ta da idon basira. Babu faifan ajiya marar iyaka a duniya. A cikin sharuɗɗan akwai adadin fayilolin da ba za ku wuce ba da ƙarfin da ba za ku ja ba. Ƙaramin shafi ba ya cin wuri: hoton waya guda yawanci bai wuce megabait 3 zuwa 5 ba, in aka rage masa nauyi kuma ya koma ƙasa da rabin megabait. Gigabait 5 ya ishi shago mai ɗaruruwan hotuna. Bidiyo kuwa ku ɗora shi a YouTube, ku jawo shi cikin shafin.

Masaukin kyauta fa? Don koyo yana da amfani. Don kasuwanci, zanen aro ne: za su liƙa muku tallansu, kuma ran da suka rufe ba wanda za ku kama.

Me 99.9 ke nufi?

Kusan kowane mai masauki yana alkawarin shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Mu yi lissafi. Shekara tana da awa 8,760. Kashi 0.1 cikin ɗari nata shi ne awa 8 da minti 46 ko kusa da haka, wato iyakar lokacin da suka yarda shafi zai iya mutuwa ke nan a shekara. In aka ce 99 kawai, ya zama kwana uku da rabi da ɗoriya. In 99.99 ne, bai kai awa guda ba. Alkawari dai a baki yake. Ku nemi mutum biyu ko uku da suka shekara da kamfanin ku ji ta bakinsu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yabon da ke cikin shafukan kwatanta kamfanoni kada ku ɗauke shi duka, da yawansu la'ada ake ba su kan duk wanda suka kawo.

Gobara ba ta sallama

Mutanen Kano ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna. Cibiyar ajiye bayanai ma gini ce. Daren 10 ga Maris 2021 wuta ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga cikin manyan masu masauki na Turai. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, wani ya taɓu, miliyoyin shafuka suka mutu. Ba a rasa rai ba, amma wasu sun rasa bayanansu har abada, saboda kwafin ajiyarsu ma a wuri ɗaya yake da na asalin.

Don haka ku tambayi mai masauki: kuna ɗaukar kwafin ajiya? Kullum ko mako-mako? A ina kuke ajiye shi? Nawa ne in na ce a maido min? Ko amsar ta yi daɗi, ku ma ku riƙe naku. Yawancin masaukai suna ba da allon sarrafawa mai suna cPanel ko makamancinsa, kuma a ciki akwai wurin sauke kwafin shafi gaba ɗaya. Ku sauke aƙalla sau ɗaya a wata, ku ajiye ɗaya a filas, ɗaya a wani wuri kamar Google Drive. Minti goma ne aikin.

Sai maganar tsaro. Adireshin da ya fara da https yana nufin abin da ke wucewa tsakanin baƙo da saba a rufe yake, mai leƙe ba zai karanta ba. Takardar shaida mai suna SSL ce ke ba da wannan. Tun Yuli 2018 manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro, abin da ke korar mai saye. Ƙungiyar Let's Encrypt tana ba da ita kyauta tun 2015. Mai masaukin da ya ce lallai sai kun saya kafin ƙaramin shafinku ya samu, ku duba wani.

Kafin ku biya, ku gwada su. Ku aika tambaya da daddare ko ranar Lahadi, ku ga yaushe za a amsa, kuma amsar ta mutum ce ko ta na'ura. Wanda ya yi jinkiri lokacin da yake neman kuɗinku, ba zai yi sauri ba bayan ya karɓa.

Da sunan wa aka yi rajista?

Na bar wannan a ƙarshe ne domin shi ya fi cin mutanenmu, kuma ba laifin kamfani ba ne. Wata Hajiya mai makarantar Islamiyya ta taɓa zuwa wurina hankali a tashe, shafin makarantar ya daina buɗewa ana gab da ɗaukar sababbin ɗalibai.

Na ce, “Hajiya, wane imel aka yi rajista da shi?”

Ta ce, “Wallahi Malam ban sani ba. Yaron da ya haɗa mana shi ya yi komai, ni dai na ba shi kuɗi.”

Yaron ba macuci ba ne. Ya yi rajistar sunan da masaukin da imel ɗinsa don sauƙi, ya tafi bautar ƙasa, ya sauya layi. Duk saƙonnin tunin biyan kuɗi wurinsa suka tafi. Kamfanin ya ƙi ba Hajiya komai, kuma yana da gaskiya, don a takardunsa ba ita ce mai shafin ba. Kafin a samo yaron, wa'adin sunan ya wuce. Dole aka yi sabon suna, aka sake buga fom da allon makaranta, hotunan saukar karatu na shekaru kuma ba a same su ba.

Ba a hana ku ɗaukar mai haɗa shafi ba, aikinsa ne, a biya shi haƙƙinsa. Amma ku zauna tare da shi ranar rajista. A sa sunanku ko na ƙungiyarku, da imel ɗinku, da lambar wayarku. Kalmar sirri ta asusun ta kasance a hannunku, shi kuma a buɗe masa tasa ƙofar daban da za a iya rufewa in aiki ya ƙare. In ƙungiya ce, shugabanni biyu su san ta. Ku tambayi kamfanin ko zai ba ku lambar ƙaura, wadda ake kira EPP, duk ran da kuka so mayar da sunan wani wuri. Ga irin su .com, ba a yin ƙaura sai bayan kwana 60 da rajista, daga nan kuwa haƙƙinku ne.

Aikin gida

Ku zaɓi masu masauki biyu, ɗaya na gida ɗaya na waje. A littafinku ku rubuta kuɗin shekarar farko da na sabuntawa na masaukin tarayya mafi araha na kowanne, ku mayar da na wajen zuwa naira ko sefa da farashin canji na ranar. Ku aika wa kowanne tambaya a kan garin da sabarsa take, ku rubuta awa nawa ya ɗauka kafin ya amsa. Sannan ku lissafa awa nawa ne kashi 99.5 cikin ɗari ke bari shafi ya mutu a shekara.

Wanda yake da shafi tun yanzu, ko ƙungiyarsu take da shi, nasa aikin ya ƙaru da ɗaya: ya binciko da sunan wa aka yi rajistar da ranar da wa'adinta zai ƙare, ya zo mana da amsa a zama na gaba.